Su Wa Ke Gadin Intanet?

Mai karatu, ka taɓa jin labarin mutumin da alƙali ya ce a maido masa da intanet, shi kaɗai ƙwal, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 40? Ba tatsuniya ba ce, kuma ba labarin fim ba ne, ko da ya ke in da wani furodusa zai ɗauke shi, da ya sami na cefane. A Sudan aka yi, cikin watan Yuni na 2019. Bayan jami'an tsaro sun tarwatsa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja da ke Khartum a ranar 3 ga wata, an kashe mutane da dama, sai sojojin da ke mulki su ka sa aka datse intanet. Wayoyi su ka zama hoto. Wani lauya mai suna Abdul'azim Hassan ya ce bai yarda ba, ya maka kamfanin Zain a kotu. Hujjar sa mai sauƙi ce: ya biya kuɗi, kamfani ya karɓa, don haka a ba shi abin da ya saya. A ranar 23 ga Yuni kotu ta ba shi gaskiya. To amma da ya ke da sunan sa ya shigar da ƙarar, sai aka buɗe layin sa shi kaɗai, aka bar sauran jama'a a duhu. Da wani ne, da ya gode wa Allah ya koma gida ya ci gaba da latse-latsen sa. Shi kuwa sai ya sake komawa kotu, wannan karon a madadin kowa da kowa, kuma a ranar 9 ga Yuli aka umarci kamfanonin waya su buɗe wa duk ƙasa.

Na san za ka ce, to mu ina ruwan mu? Mujallar fim da littattafai ce wannan, ba ta injiniyoyi ba. Tsaya ka ji. Yaushe rabon ka da ka shiga Ƙofar Wambai ka sayi kaset? Ke kuma 'yar'uwa, yaushe rabon ki da ki aiki yaro shagon haya ya karɓo maki na biyu da na ukun littafin da ya hana ki barci? Yau fim mai dogon zango a YouTube ake jiran sa. Tun 2020 da Izzar So ya nuna hanya, furodusoshi su ka yi ɗango a bayan sa. Littafi kuwa ya koma WhatsApp da Wattpad. Marubuciya ta na zaune a ɗakin ta a Gusau ko Maraɗi, ta buga shafi goma da babban yatsa bayan ta sauke tukunya, kafin magariba an karanta a Kumasi da Jidda. Wato tuwon industiri da na marubuta duk ya koma rataye a jikin igiya ɗaya, mu kuma ba mu taɓa ɗaga kai mun duba wa ya ɗaura ta, ko wa ke riƙe da wuƙar da zai iya yanke ta ba.

Ni dai a wani kafe na fara ganin ta, wajajen 2002. Ka biya kuɗin awa guda, a ba ka 'yar takarda mai lamba, janareto na ruri a bayan ka, shafi na saukowa daga sama a hankali kamar ana sakin labule. Rabin awar ka a jira ta ke ƙarewa. Amma akwai abin da ya tsaya mani a rai tun a lokacin. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, kowane fim sai ya bi ta can kafin ya ga kasuwa. A wannan shekarar dai Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe majalisar Finafinan Hausa a Yahoo, inda malaman jami'a da 'yan kallo da 'yan fim su ke fafatawa a kan rawa da waƙa da kwaikwayon Indiya. Shi bai nemi lasisin kowa ba. Babu ofishin da ya je ya cike fam, babu wanda ya buga masa hatimi. Me ya sa?

Amsar ta na can Suwizalan. A cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba, wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a 1989. A ranar 30 ga Afrilu, 1993, cibiyar ta sa hannu a takarda cewa ta bar wa duniya wannan fasaha kyauta, ba ta neman ko sisi. A farkon shekarar nan akwai wani tsarin mai suna Gopher da ke gogayya da shi, har ma ya fi shi jama'a a lokacin. Sai Jami'ar Minnesota ta Amurka, mai shi, ta ce za ta fara karɓar kuɗin lasisi daga wasu masu amfani da shi. Jama'a su ka watse su ka bar mata kayan ta. Yau in ka tambayi yaro mene ne Gopher, sai ya ɗauka sunan magani ne.

Ƙa'idojin da ke sa wayar ka ta Kano ta fahimci kwamfutar da ke Tokiyo kuwa, wani taron injiniyoyi ne mai suna IETF ke tsara su tun 1986. Ba su da katin zama mamba. Duk wanda ya ga zai iya, ya shigo. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda su ke auna ra'ayi a zauren taro: maimakon ɗaga hannu, sai shugaban zama ya ce masu goyon baya su yi gunji da baki a rufe, "mmmm", sannan masu adawa su yi nasu, a saurari wanda ya fi ƙarfi. Manyan mutane da furfura! A 1992 kuma Vint Cerf da Bob Kahn, waɗanda su ka tsara harshen da kwamfutoci ke magana da juna, su na cikin waɗanda su ka kafa ƙungiyar Internet Society, mai rassa a ƙasashe da dama har da Nijeriya. In ka na neman kalmar Hausa da ta dace da wannan duka, aikin gayya ne. Kuma ka san halin gonar gayya: kowa na cin amfanin ta, amma in an ce a zo a yi shinge sai ka nemi mutane ka rasa.

Sai dai a nan akwai abin da ya kamata 'yan fim su bambance. Titi daban, rumfa daban. Intanet ita ce titin, na kowa ne. YouTube da Facebook da WhatsApp rumfuna ne a bakin titin, kowace da mai ita. Daga ƙarshen 2019 kamfanin Yahoo ya fara share duk abin da aka tara a majalisun sa na duniya baki ɗaya, a Disamba 2020 ya rufe su ruf. Wasu 'yan sa kai da ake kira Archive Team su ka yi ta kwana su na kwafe abin da za su iya ceto kafin wa'adi ya cika. Kamfanin bai ci amanar kowa ba, rumfar sa ce, ya ga ba ta kawo riba ya naɗe tabarmar sa. To kai furodusan da ka zuba kashi 80 na fim ɗin ka a tashar YouTube, ba ka da kwafi a ko'ina sai a wata kwamfuta da ke tari, ka tuna a rumfar wani ka ke zaune.

Yanzu bari in taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, domin mu ma ba waliyyai ba ne a wannan magana. Duk ranar da satar fasaha ta ƙona mu, abin da mu ke fara cewa shi ne, "Gwamnati ta rufe su mana!" Na san zafin. Na ga wanda ya sayar da filin sa ya yi fim, kafin sati ya zagayo masu tura finafinai a waya su na raba shi a bakin kasuwa a kan kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Manyan kamfanonin Holiwud ma haka su ka ji, shi ya sa su ka tsaya wa wani ƙudirin doka mai suna SOPA a majalisar Amurka. Ƙudirin zai ba da damar a tilasta wa kamfanonin sadarwa su toshe duk shafin da aka zarga da ɗaukar kayan sata, a cire shi daga injin bincike, a yanke masa hanyar samun kuɗi. A kunne abin ya yi daɗi. Amma masu kare intanet su ka ce, shafin da miliyoyin mutane ke zuba kaya a cikin sa, ta yaya za a rufe shi don mutum ɗaya ya ajiye na sata? A ranar 18 ga Janairu, 2012, Wikipedia ta Turanci ta rufe kan ta na awa 24, ta bar baƙin allo da ke roƙon jama'a su kira wakilan su. Dubban shafuka su ka bi sahu, miliyoyin mutane su ka sa hannu a takardar koke. Bayan kwana biyu aka jingine ƙudirin. Ni a nan ina bayan masu baƙin allo, duk da cewa 'yan fim ne a ɗaya ɓangaren. In ɓarawo ya shiga Kantin Kwari, ɓarawon ake kamawa, ba a garƙame kasuwar. Kuma makullin da ka roƙa a ƙera don maƙiyin ka, ba a hannun ka za a ajiye shi ba.

A nahiyar mu ba a ma tsayawa dogon Turanci a majalisa, umarni kawai ake bai wa kamfanonin waya. A Kamaru an datse intanet a yankuna biyu masu magana da Ingilishi daga Janairu zuwa Afrilu na 2017, sama da wata uku. Matasan garin Buea masu sana'ar kwamfuta su ka kama ɗaki a wani ƙauye da ke bakin iyakar yankin da ke da sabis, su na zuwa aiki can kamar 'yan gudun hijira. A cikin wannan duhun ne labari ya zo cewa wani yaro ɗan shekara 17 daga Bamenda, Nji Collins Gbah, ya zama ɗan Afrika na farko da ya ci gasar Google ta yara masu rubuta manhaja, alhali garin su babu intanet. A Chadi an toshe kafafen sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata 16 cur. A Nijar an kashe intanet ta waya na kwana 10 bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu 2021. A Nijeriya an dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Akwai wata gamayya mai suna KeepItOn da ƙungiyar Access Now ta jagoranci kafawa a 2016, ƙungiyoyi sama da 300 daga ƙasashe fiye da 100, aikin su shi ne ƙirga irin wannan datsewar da yin kururuwa a kai. A lissafin su na 2024 kaɗai, an datse sau 296 a ƙasashe 54.

Kar ka ce kururuwar banza ce. A Togo, bayan gwamnati ta kashe intanet lokacin zanga-zangar Satumba 2017, wasu ƙungiyoyi bakwai da wata 'yar jarida su ka kai ƙara Kotun ECOWAS. A Yuni 2020 kotun ta ce abin da aka yi ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, domin babu wata doka da ta ba gwamnati wannan ikon, ta kuma ce a biya diyya. A Yuli 2022 wannan kotun dai ta ce dakatar da Twitter a Nijeriya ya saɓa wa doka, a ƙarar da ƙungiyar SERAP da wasu su ka shigar. Shari'a ce mai tafiyar hawainiya, hukunci kan zo bayan an daɗe da buɗe layi, amma kowane ɗaya tubali ne da lauyan gaba zai taka.

Wanda ya fi tsaya mani a wuya shi ne namu na gida, domin shi ba a raba shi da wuƙa ɗaya. A farkon Satumba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanoni su kashe turakun su a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jihar, don a yaƙi 'yan bindiga. An ce mako biyu ne. Daga baya abin ya haɗa da ƙananan hukumomi 13 a Katsina, 14 a Sakkwato, da wasu sassan Kaduna. A wannan karon ba intanet kaɗai ba ce, har kira da tes. Aka haɗa da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka. Hujjar ita ce ɓarayin daji da waya su ke magana da masu kai masu rahoto a cikin gari, da ita kuma su ke cinikin kuɗin fansa. Kuma maganar gaskiya, mutane da yawa a yankin sun yi maraba da matakin a farko. Wanda aka sace wa ɗa ba ya son jin wani dogon bayani a kan 'yancin sadarwa. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, ni kuma ba zan zauna a inda ake barci da ido biyu rufe in ce masa bai san ciwon kan sa ba.

Amma ga abin da na gani. Akwai wata ƙanwa ta a harkar rubutu da ke aure a Gusau. Da littattafan da ta ke sakewa a WhatsApp ta ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yan ta biyu; mai son ci gaban labari ya tura mata 'yan ɗaruruwa ta banki ko katin waya, ta sa shi a rukunin masu biya. Rana ɗaya aka wayi gari babu ita babu labarin ta, ta bar jaruma a ɗakin haihuwa. Masu karatu su ka yi ta zagi, wasu na cewa ta cinye masu kuɗi ta gudu. Sai bayan kusan mako uku wata 'yar takarda ta iso ni ta hannun direban mota, irin wasiƙar da rabon mu da ita tun zamanin akwatin gidan waya. Ta ce, "Yaya, don Allah ka shiga rukunin nan ka ce masu ina raye." A cikin ambulan ɗin har da ɗan katin waya mai ɗauke da babi shida da ta buga a duhu.

Nata mai sauƙi ne. Masu POS sun rufe, ɗan kasuwa ba ya iya tura kuɗi, mai haƙuri a asibiti ba ya iya kiran ɗan'uwa ya kawo jini. Mutane sun riƙa shiga mota zuwa wata jihar don su buga waya ta minti biyar, a kan hanyar da ita kan ta ake tsoro. Mafi muni, ƙauyen da ya hango babura na tahowa ba shi da hanyar kiran soja ko gargaɗin maƙwabta. A Oktoba 2021, a daidai lokacin da layuka ke rufe a sassan Sakkwato, aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe mutum fiye da 40. Kafin shekarar ta ƙare jihohin su ka fara buɗe layukan ɗaya bayan ɗaya, 'yan bindiga kuwa su na nan. Abin da masu fafutikar nan ke tambaya, wanda ni ma na ke tambaya, bai wuce wannan ba: wace doka ce ta ba da izini, wane alƙali ya duba, ranar yaushe za a buɗe, kuma wa zai fito bayan an gama ya faɗa wa jama'a abin da aka samu da abin da aka rasa? In gwamnati za ta ɗauke wa miliyoyin mutane bakin magana na wata da watanni, ai ko ba komai ta bi su bashin lissafi. Ko dai a ce su ke bin ta.

Sai batun sirri, wanda mu 'yan wannan harka bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan sa ba. Duk wanda ya san industiri a 2007 ya san abin da hoton waya guda ɗaya ya jawo: an dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, ɗaruruwan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba su ka rasa abinci. A lokacin ma daga waya zuwa waya ake turawa, sai an matso kusa. Ina ga yau? Bayan Edward Snowden ya fallasa a 2013 irin leƙen asirin da hukumomin Amurka ke yi wa sadarwar duniya, injiniyoyi da ƙungiyoyi su ka tashi haiƙan a kan kulle saƙonni. Ka lura da harafin "s" ɗin nan da ke ƙarshen "https" a adireshin shafi? Shi ke nuna cewa abin da ke tsakanin wayar ka da shafin a kulle ya ke, mai kafe ko mai Wi-Fi na otal ba zai iya karanta lambar sirrin ka ba. A da sai mai shafi ya sayi takardar shaidar wannan kullewa duk shekara, don haka ƙananan shafuka ba su damu ba. Daga ƙarshen 2015 wani shiri mai suna Let's Encrypt, wanda ba na neman riba ba ne, ya fara raba ta kyauta, har ta kai ga ɗaruruwan miliyoyin shafuka. A 2016 kuma WhatsApp ya kulle duk saƙonni ta yadda daga mai aikawa sai mai karɓa, ko kamfanin ba ya gani.

Gwamnatoci ba su ji daɗi ba. A 2019 ministocin Amurka da Ingila da Ostireliya su ka rubuta wa Facebook buɗaɗɗiyar wasiƙa su na neman a bar wa jami'an tsaro hanyar shiga. Dalilin su ba na wasa ba ne, su na maganar masu lalata da yara da 'yan ta'adda. Amsar masana ita ce, ba a iya gina ƙofar baya da za ta gane fuskar ɗan sanda ta ƙi ɓarawo. In dai ƙofa ce, wata rana wani zai sami makullin. Har yau ana wannan ja-in-ja.

Sai dai duk ƙarfin kwaɗo, in mai gida ya miƙa makulli da hannun sa, magana ta ƙare. Ka san salon: a kira ka da murya mai ladabi, a ce daga rukunin marubuta ne ko na tsofaffin ɗalibai, za a yi taro da yamma, an turo maka lamba shida ka karanto don a sa sunan ka. Lambar nan ita ce wadda WhatsApp ke turowa in wani na ƙoƙarin ɗora layin ka a wata wayar. Ka na karantawa, ya shige gidan ka, ya fara roƙon kuɗi da sunan ka wurin surukan ka. Maganin bai kai minti biyu ba: ka shiga saitin manhajar ka sa lambar sirri ta mataki na biyu, kuma ko wa ya kira kar ka karanto masa komai. Ke kuma jaruma, kafin ki miƙa waya wurin mai gyara, ki kwashe abin da ke ciki.

Af, kar in manta, su ma masu gadin sai an yi gadin su. A ƙarshen 2019 ita kan ta Internet Society ta amince ta sayar da hukumar da ke kula da adireshin ".org", wanda ƙungiyoyin agaji na duniya ke amfani da shi, ga wani kamfanin 'yan jari hujja mai suna Ethos Capital a kan sama da dala biliyan 1. Ɗaruruwan ƙungiyoyi su ka yi caa, wasu har da zanga-zanga a ƙofar ofishin ICANN, mai kula da sunayen adireshi. A ƙarshen Afrilu 2020 ICANN ta ƙi amincewa, ciniki ya wargaje.

Duk wannan surutun namu na waɗanda su ka riga su ka shiga ne. A ƙididdigar hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2024, mutum kusan biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet, a Afrika kuwa kashi 38 cikin 100 ne kawai ke kai. Kamfani ba ya kafa turke inda lissafin sa bai fita ba. A Nijeriya ma da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairu 2025, kowane furodusa ya san wa abin ya fara dukan: mai kallon da ke auna ko ya kalli kashi na 12 ko ya bar sauran datar don kiran gida. A wasu wuraren mutane sun gaji da jira. A ƙauyen Talea de Castro da ke kan duwatsun Oaxaca a Meziko, kamfanoni sun ce ba riba, sai mutanen gari su ka haɗa kuɗi a 2013, da taimakon wata ƙungiya mai suna Rhizomatica, su ka kafa tasu hanyar wayar, kuma a 2016 gwamnati ta ba irin waɗannan ƙauyukan lasisi na kan su. A Mankosi ta Afrika ta Kudu akwai Zenzeleni, ma'ana "yi da kan ka" a harshen Xhosa, inda ƙungiyar gama kai ta ƙauye ke raba intanet da hasken rana. Kuma ba sai an tsallaka teku ba: tun a shekarun 2000 gidauniyar Fantsuam da ke Kafanchan ta kafa hanyar intanet marar waya don makarantu da asibitocin karkara, cibiyar CITAD ta Kano kuma ta horar da matasan ƙauyuka a kan wannan aiki, ta na kiran hukuma ta yi masu tsarin lasisin da ya dace da ƙarfin su.

Isa ga kowa kuma bai tsaya a turke ba. Mutum na iya samun sabis cikakke ya shiga ya tarar babu abin da aka rubuta da harshen sa. Waɗanda su ka yi aikin ɗab'i a da sun san wahalar ƙ da ɗ da ɓ: sai ka nemi wani font na musamman, in ka tura wa wanda ba shi da shi, rubutun ya koma akwatuna. Tsarin Unicode ya raba mu da wannan, yau ƙugiyoyin su na cikin allon kowace waya, saura ƙyuya. Matasan da ke rubuta Wikipedia ta Hausa kyauta, su ma gayyar su ke yi. Kuma ina roƙon marubutan da ke ɗaukar hoton shafi su tura maimakon rubutun kan sa, don gudun masu kwafa, su tuna da makafi: manhajar da ke karanta masu allo da murya rubutu ta fi ganewa, in ta ci karo da hoto sau da yawa sai ta yi shiru.

A 2019 Sanata Muhammad Sani Musa daga Jihar Neja ya gabatar da ƙudirin da aka fi sani da dokar soshiyal midiya, wanda a ciki har da bai wa hukuma ikon sa a toshe shafi in ta ga an yaɗa abin da ta kira ƙarya. A ranar 9 ga Maris, 2020, kwamitin Majalisar Dattawa ya yi zaman jin ra'ayin jama'a a Abuja. Lauyoyi da 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula su ka cika zauren, mafi yawan waɗanda su ka yi magana su ka ce ba su yarda ba, ƙudirin kuma bai zama doka ba har majalisar ta tara ta kammala wa'adin ta a 2023. Irin wannan zaman a jarida ake shelar sa, kuma kowace ƙungiya na da damar miƙa takardar matsayin ta, ta fim ce ko ta marubuta. Shafi biyu ya isa: ga yawan mutanen da ke ci a wannan sana'a, ga abin da rufe layi na mako ɗaya ke jawo mana, ga yadda mu ke so a kama ɓarawon fim ba tare da an rufe hanya ba. Kuɗin motar mutum biyu daga Kano zuwa Abuja su dawo bai kai abin da ake kashewa a lokeshan a yini ɗaya ba.